Ajiye aiki kafin shekara 60: yadda za ka lissafa kuɗin asibiti tun kana kan albashi

A Garwa da Marwa da Ngawundare, da wuya ka sami ma'aikacin da ya haura shekara 45 bai taɓa raya wannan a ransa ba: in karɓi haƙƙina, in zuba a shanu ko in buɗe shago, in huta da sammako da kallon fuskar shugaba. Idan ya zauna lissafi zai sa hatsi da cefane, kuɗin makarantar yara, wuta da ruwa, wani ma har da kujerar Makka. Asibiti ne ba kasafai yake shiga ba. Dalilin a fili yake. Shekara da shekaru wani ne ke ɗaukar mafi yawan kuɗin, shi dai ya nuna katin inshorar lafiya a kantin magani ko ya karɓo takarda daga likitan ma'aikata. A yawancin wurare kuwa, ranar da ka miƙa makullin ofis ranar katin nan yake daina aiki, da kai da matanka da 'ya'yanka gaba ɗaya.

Fanshon CNPS, hukumar fanshon ma'aikata ta Kamaru, ba zai maye gurbinsa ba. Rassa uku hukumar take da su: kuɗin iyali, fanshon tsufa da naƙasa da na magada, sai haɗarin aiki. Babu reshen rashin lafiya ta yau da kullum. A Kamaru kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Wanda ya ajiye aiki da wuri ya koma cikin wannan sahu ke nan, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon sukari suka fi kama mutum. Shi ya sa nake ganin kuɗin asibiti ne ya kamata ya tsayar maka da ranar fita, girman kuɗin sallama ya biyo baya. Zai fi kyau ka fara wannan aiki shekara biyu kafin ranar da kake so, don ba a fafe gora ranar tafiya. Da namiji nake magana saboda sauƙin zance, amma ke ma da ke aiki a banki ko kamfani, lissafin duk ɗaya ne.

Mataki na farko: tabbatar fanshon zai fito

Dokar CNPS ta sa shekarar fansho 60, amma ta yarda mutum ya nema tun daga shekara 50. Sharuɗɗan iri ɗaya ne: ka cika shekara 20 da rajista, a zuba maka kuɗi na wata 180, wata 60 daga cikinsu su faɗo a shekara goman ƙarshe, sannan ka bar duk wani aikin albashi. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi. Idan ka koma aikin albashi a wani wuri, fanshon tsayawa yake. Noma da kiwo da kasuwancin kanka ba su cikin wannan.

Ka je ofishin CNPS na garinku ka nemi takardar da ke nuna zubinka wata-wata, ta intanet ma ana iya dubawa. Ka ɗauko takardun albashinka ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Akwai masu ɗaukar aiki da ke cire kason ma'aikaci daga albashi amma ba su kai wa hukuma, akwai kuma waɗanda ke rubuta maka albashin da bai kai na gaskiya ba. Wanda ya yi aikin kaka, irin na lokacin sayen auduga, kafin a tabbatar da shi, ya ƙirga watannin da kyau, domin shekara ɗaya a bakinsa tana iya zama wata biyar a takarda. Gyara irin wannan giɓi yana da sauƙi muddin kana cikin ma'aikata, kana da wakilan ma'aikata a bayanka. Bayan ka fita, sai ka yi ta sintiri a ƙofar mutanen da ba su da sauran buƙatarka.

Wanda bai cika wata 180 ba, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Idan saura maka wata goma ko ashirin, ka daure ka cika, komai zafin da kake ji.

Tarkon da ya fi kama masu fita da wuri shi ne na wata 60. A ce ka bar aiki kana da shekara 45, da wata 190 a takarda. Ranar da ka cika 50, shekara goman ƙarshe ta fara ne daga 40, wato kana da wata 60 cif, ka tsallake da kyar. Idan ka yi sakaci har ka kai 52, wata 36 kawai suka rage a cikin goman. Wanda ya ce bari ya jira 60 kuwa, babu ko wata ɗaya. Maganin wannan shi ne zubin sa-kai, wanda aka buɗe wa kowa tun 2014, har da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Kai za ka riƙa biyan kashi 8.4 cikin 100 gaba ɗaya, kason da a da kuke rabawa biyu da kamfani. Kada ka faɗi ƙaramin kuɗin shiga don zubin ya yi maka sauƙi sai ka sa an nuna maka a rubuce yadda hakan zai taɓa fanshon, tunda da albashin shekarun ƙarshe ake lissafi.

Sai batun shekarun takarda. Da yawa daga cikinmu takardar haihuwa ta ce “né vers”, wato an haife mu wajajen shekara kaza, wasu kuma an rage musu shekaru don jarrabawa tun suna yara. CNPS takarda take bi. Idan ta ce 47 kake alhali ka san ka haura 52, sai ka jira ta. Amma wajen lissafin ciwo, da shekarun gaskiya za ka yi aiki, domin su jiki ya sani.

Ma'aikacin gwamnati hanyarsa daban. Tun dokar ƙarshen Disamba 2020, masu rukunin A da B suna fita a 60, masu C da D a 55, kuma fanshonsu daga baitulmali yake fitowa. Ban da lissafin fansho na mataki na biyu, sauran matakan da ke ƙasa sun shafe shi kamar kowa.

Mataki na biyu: nawa fanshon zai zama

Ana ɗaukar matsakaicin albashinka na wata 36 ko na wata 60 na ƙarshe, wanda ya fi yawa a ciki. Kashi 30 cikin 100 na wannan shi ne tushe, sannan duk shekarar zubi da ta ɗoru a kan wata 180 ta ƙara maka kashi ɗaya. Albashin da ake cire zubi a kansa ake nufi, ba duk alawus ɗin da ke shiga hannunka ba, kuma tun 2016 iyakarsa sefa 750,000 a wata.

Ga misali. Mutum yana da shekara 52, matsakaicin albashinsa sefa 300,000, zubinsa shekara 22. Kashi 37 zai samu, wato sefa 111,000. Da zai zauna har 60 ko da ba a ƙara masa sisi ba, kashi 45 ne, sefa 135,000. Bambancin 24,000 a wata bai kai ya tsorata mutum ba, shi ya sa da yawa suke cewa a yi ta ta ƙare. Babbar asarar tana wani wuri: shekara takwas na ragowar albashin, da shekara takwas da wani zai ci gaba da biya maka asibiti.

Ka kuma tuna fansho ba ya bin kasuwa. Tsadar kaya a ƙasar nan ta haura kashi 6 a 2022, ta haura kashi 7 a 2023. Litar fetur da take 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 bayan shekara ɗaya. Sefa 111,000 na yau ba za su sayi abin da suke saya ba ranar da ka kai 65.

Mataki na uku: gano abin da lafiyar gidanka take ci

Nan ne yawancin mutane suke yaudarar kansu ba da gangan ba. Ka tambayi ma'aikaci nawa ya kashe a asibiti bara, zai ce bai kai dubu ɗari ba. Gaskiya ya faɗa, amma kasonsa kawai ya ƙirga. Idan katinsa na ɗaukar kashi 80 ne, kuma shi ya biya sefa 90,000, ainihin kuɗin 450,000 ne. A raba wata goma sha biyu, 37,500 ke nan, sulusin fanshon mutumin da muka yi misali da shi, kuma a shekarar da babu wanda aka yi wa tiyata.

Ka nemi ofishin ma'aikata ko kamfanin inshorar su ba ka jimillar abin da aka kashe wa gidanka a shekara uku da suka wuce. Idan ba ta samu ba, ka sayi littafi ka fara rubutawa daga yau, har shekara ta zagayo. Ka rubuta kuɗin da ke jikin takarda kafin a cire kason inshora. Shekara guda cikakkiya nake nufi, domin ciwon arewa da lokacinsa yake zuwa. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ne ke kwantar da yara ɗaya bayan ɗaya. Hunturu tari da ciwon ƙirji. Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, tsofaffi da masu hawan jini ne ke jin jiki. Wanda ya yi lissafi da watan Disamba kaɗai zai ga kamar gidansa ba a ciwo.

Ka raba abin da ka samu gida uku. Na farko, wanda ba makawa duk wata: maganin hawan jini, na sukari, gwajin jini, kuɗin ganin likita. Na biyu, wanda ke zuwa ya wuce: zazzaɓi, haihuwa, haƙori, tabarau. Na uku shi ne wanda ba ya cikin littafin amma shi ke karya gida: tiyata, shanyewar ɓarin jiki, ƙoda, kansa. A wannan na ukun ka saka kuɗin da babu inshorar da ke biya. Idan aka tura ka Yawunde ko Duwala, akwai motar zuwa Ngawundare, da jirgin ƙasa na dare ko kuɗin jirgin sama in ciwon ba zai jure hanya ba, da masauki, da abincin mai jinya na makonni. Mutanen Kusiri da ke tsallakawa Injamena, da masu zuwa Yola ko Kano, su ma su ƙirga hanya da canji.

Kada ka manta da waɗanda ba su cikin katin amma suna wuyanka: mahaifiya, ƙanwar da aurenta ya mutu, marayun ɗan'uwa. Ba za su daina zuwa ba don ka yi ritaya. Wata shida na farko ma ƙaruwa za su yi, tunda labarin kuɗin sallama ya karaɗe dangi.

Mataki na huɗu: duba jikinka tun katin yana aiki

Kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Kamaru yana da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba. Kafin ka rubuta takardar fita, kai da iyalinka ku je a auna jini, a gwada sukari, a duba ƙoda da hanta, a duba ido. Namiji ya sa a duba masa mafitsara da abin da ke hana fitsari fita a tsufa, mace a duba mama da bakin mahaifa. Duk aikin da likita ya taɓa cewa a yi ka ce sai an kwana biyu, irin su ƙaba, yanar ido, haƙorin da ya ruɓe, yanzu ne lokacinsa.

Sakamakon yana iya sauya shawarar gaba ɗaya. Idan aka ce ƙodarka ta fara gajiya, ni dai ban ga hikimar barin aikin da ke biya maka asibiti don sayen shanu ba. Idan kuma ciwon ne yake korar ka daga aikin, kada ka rubuta murabus. Akwai fanshon wanda jikinsa ya gaji kafin lokaci, daga shekara 50, da shaidar likita. Akwai kuma fanshon naƙasa ga wanda ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, wanda sharuɗɗansa na shekaru sun fi sauƙi, kuma ana ƙara masa wani abu a lissafi saboda shekarun da suka rage masa kafin 60. Wanda ya yi shekaru cikin ƙurar auduga ko ta siminti, ko ƙarar inji ta taɓa masa kunne, ya sa likitan ma'aikata ya rubuta tun yana ciki. Ciwon da aka tabbatar aiki ne ya jawo shi, reshen haɗarin aiki na CNPS ne ke ɗaukar maganinsa.

Mai shan magani kullum ya tambayi likita ko akwai irinsa mai araha da ake samu a kantin maganin asibitin gwamnati. Amlodipine na hawan jini da metformin na sukari, misali, suna da masu tsada da masu sauƙi, kuma a zamanin kati ba ka damu da wanne aka rubuta ba. A yi canjin yanzu, likita yana bibiya. Mai allurar insulin ya yi tunanin inda zai ajiye ta idan wuta ta ɗauke a bazara. Maganin tebur na bakin kasuwa kuwa, wanda ya wuni a rana, ba ya cikin hanyoyin rage kuɗi.

Mataki na biyar: cire abin da gwamnati ta ɗauka

A Afrilun 2023 aka ƙaddamar da zangon farko na shirin lafiya ga kowa, CSU. Ya ƙunshi ganin likita kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da maganin zazzaɓinsu, da maganin tarin fuka da na ƙanjamau, da wankin ƙoda a kan sefa 15,000 a shekara maimakon 520,000 da ake biya a da. Mai ciki tana da takardar chèque santé ta sefa 6,000, wadda a jihohin arewa uku aka fara ta, tana ɗaukar awo da haihuwa har kwana 42 bayanta. Ka yi wa gidanka rajista, musamman idan kana da amarya da ƙananan yara. Sai dai ka duba jerin da kyau: ciwon ɗan shekara 55, wato hawan jini da sukari da tiyata, ba ya cikin wannan zango. Ko a wankin ƙodar, wanda ke zaune a Gidar ko Yagwa shi zai ji da kuɗin zuwa babban gari sau biyu a mako.

CNPS tana da cibiyoyin lafiya nata a Garwa da Marwa, da babban asibiti a unguwar Essos a Yawunde. Ka tambaya a ofishinsu wane sauƙi katin ɗan fansho zai ba ka a can da sauran asibitoci, a ba ka amsar a rubuce.

Mataki na shida: ciniki da ma'aikatarka, sannan da masu inshora

Ƙarfinka yana nan ne kafin ka sa hannu. Murabus daban, ritaya daban, fita ta yarjejeniya daban, kuma kowanne da abin da yake jawowa na kuɗin ƙarshen aiki. Ka karanta yarjejeniyar ma'aikata ta fanninku, ka zauna da wakilin ma'aikata, in da hali a kammala a gaban sufeton ƙwadago. Idan kamfanin ne yake son rage mutane, to kai ake lallashi. Mafi yawan mutane a nan suna jayayya a kan ƙarin albashin wata biyu ko uku. Ni da zan zaɓa, abin da zan roƙa shi ne a bar ni da iyalina cikin inshorar rukunin kamfanin na wasu shekaru, ko da ni zan riƙa biyan kuɗin. Kamfanonin inshora sun fi son rukuni, domin a cikinsa matasa masu lafiya ne ke ɗaukar nauyin manya. Mutum ɗaya mai shekara 53 da ya shigo da takardar hawan jini a hannu, ko su tsawwala masa ko su ba shi haƙuri.

Idan wannan bai yiwu ba, ka duba ko matarka tana aiki a inda za a iya saka ka. Ka duba ƙungiyar tsofaffin ma'aikatanku, ko ku haɗu ku kafa, ku je wa mai inshora a dunƙule.

In ya zama dole ka saya kai kaɗai, ka nemi farashi daga wurare uku aƙalla, ta hannun dillali mai lasisi, kuma kada ka tsaya a kan kuɗin shekara. Ka fara da tambayar shekaru: har zuwa nawa suke karɓar sabon mutum, kuma a shekara nawa suke sallamar tsoho? Inshorar da za ta sake ka a 60 ko 65 ta ci kuɗinka lokacin da kake da sauran ƙarfi, ta bar ka lokacin da ka fi buƙata. Ka tambayi hukuncin ciwon da ka shigo da shi. Ka nemi wa'adin jira, wanda a takarda za ka ga an rubuta délai de carence, domin akwai watannin da za ka biya amma ba za a ɗauki tiyata ko haihuwa ba. Ka nemi iyakar abin da suke biya a shekara, plafond, na mutum ɗaya da na gida, da ƙananan iyakokin da suke ɓoyewa a ciki: kuɗin ɗaki a kwana, tabarau, haƙori, maganin wata-wata.

Tambayar da ta fi shafar mu 'yan arewa ita ce ta asibitoci. Yawancin kamfanonin nan hedikwatarsu a kudu take, kuma jerin asibitocinsu ya fi kauri a Duwala da Yawunde. Ka karɓi sunayen na garinku, ka taka da ƙafarka ka tambayi mai karɓar kuɗi a asibitin da mai kantin magani ko har yanzu suna karɓar wannan kati. Idan tsarin na ka-biya-a-mayar-maka ne, ka san sai kana da kuɗin a hannu tukuna, sannan ka jira. Ka tambayi kuma wa ke ba da izinin kwantar da mutum da daddare ko ranar Lahadi.

Abubuwa biyu na dokar CIMA, wadda ke tafiyar da inshora a Kamaru da Cadi da sauran ƙasashen sefa, ka riƙe su. Tun 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka jinkirin sabuntawa na kwana kaɗan yana iya barin ka a fili. Sannan wanda ya ɓoye ciwo da gangan wajen cike takarda, yarjejeniyar rushewa take, kuɗin da ya biya kuma ba a mayar masa. Dillali yana iya ce maka rubuta “lafiya lau” a wuce wurin. Shi ladansa ya shiga, kai za a ƙi biya wa ranar da kake kwance.

Takardun iyali su ne sauran. Mai inshora da CNPS duk takardar auren meri, wato ofishin magajin gari, suka sani, da takardar haihuwar kowane yaro. Auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure, shaidu ɗari sun halarta, idan bai shiga rajistar hukuma ba matar ba ta cikin masu haƙƙi. Mai mata biyu ko uku ya duba abin da aka rubuta a takardar aurensa na fari, mace ɗaya ko fiye. Wannan ya wuce batun asibiti. Idan ta Allah ta kasance, rabin fanshonka ne ke zuwa ga matan da ke da takarda, su raba daidai, wadda ba ta da ita kuma ta tashi a tutar babu.

Akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da inshorar kamfani ba ta fuskar addini. Ka kai tambayar ga malamin da ka yarda da shi, da takardar a hannu. CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful tun 2019, sai ka tambayi dillali ko akwai mai sayar da ita a inda kake.

Hukuncina a kan inshorar mutum ɗaya shi ne: idan kuɗinta ya haura abin da fanshonka zai ɗauka ba tare da an taɓa abinci ba, ka nemi wadda ta tsaya a kan kwanciya da tiyata kawai. Zazzaɓi da ganin likita za ka iya da aljihunka. Kwana goma a ɗakin masu tsananin ciwo ne ba za ka iya ba.

Mataki na bakwai: asusun da ba a taɓawa

Ko ka samu inshora ko ba ka samu ba, sai ka ware kuɗin asibiti daga kuɗin sallama tun ranar da suka shigo, kafin ka je kasuwar shanu, kafin dangi su ji. Ma'aunina shi ne kuɗin shekara uku na abin da ka gano a mataki na uku, da kuɗin tafiyar jinya ɗaya zuwa kudu. Ga mutumin misalinmu, sefa 1,350,000 ke nan kafin a sa hanya. Idan cire wannan zai sa jarin da ya rage ya kasa riƙe kasuwancin da kake buri, amsar ta fito: lokacin fita bai yi ba. Ƙara shekara biyu, kana tara wannan asusu daga albashi.

Za a ce maka ai shanu ma asusu ne, buhunan masara da albasa ma asusu ne. Haka ne, amma asibiti da ƙarfe biyun dare kuɗi yake karɓa kafin a taɓa mara lafiya. Saniya tana daji wurin makiyayi, kasuwa sai ranarta, kuma dillali yana ganin fuskarka ya san a matse kake. Saboda haka a raba asusun. Kaɗan a waya, Orange Money ko MoMo, wanda zai isa kuɗin shiga da maganin daren farko. Mafi yawa a banki, a asusu daban da wanda fansho ke shiga, ba tare da katin cirewa a aljihunka ba. Abin da ya haura wannan ne zai iya zama dabba ko hatsi.

Ka kula da inda kake ajiya. Waɗanda kuɗinsu ya maƙale lokacin da ƙaramar ma'ajiyar kuɗi ta Cofinest ta rufe a 2011 ba su manta ba. A bankuna akwai asusun lamuni na yankin Afirka ta Tsakiya da ke biyan mai ajiya har sefa miliyan 5 idan banki ya durƙushe. Mai gudun kuɗin ruwa ya nemi bankin da ke da sashen ajiyar Musulunci, akwai su. Ƙaramar ma'ajiyar da ke yi maka alkawarin riba mai yawa ba wurin kuɗin asibiti ba ce.

Adashe yana da amfani a nan idan an gyara shi. Na zagaye, wanda kowa ke jiran kwasarsa, ba ya maganin ciwo, domin ciwon ba zai jira layinka ba. Wanda ke aiki shi ne akwatin taimako: mutum ashirin ko talatin, zubi ƙayyadadde duk wata, a rubuta abin da ake bai wa wanda aka kwantar, sau nawa a shekara, da waɗanda ake ƙirgawa iyalinsa. A rubuta kuma cewa biki da suna ba su ciki. Mutum uku su riƙe sa hannu. Ka shiga tun kana aiki, domin ƙungiya ba ta murna da wanda ya zo mata ranar da ya fara ciwo.

Abin da ya fi wuya shi ne tsare asusun daga kanka. Auren 'ya zai zo, kuɗin jami'ar yaro zai zo, wani zai kawo fili a araha. Ka ɗora wa kanka doka ɗaya: ba a cire ko dala sai da takardar likita, kuma abin da aka cire a mayar da shi daga ribar kasuwanci kafin a yi wata hidima. Duk farkon shekara ka sake duba littafin, ka ƙara kashi goma a kan lissafin bara saboda tsada da ƙarin shekaru.

Sannan ka sa mutum na biyu a kan asusun. Shanyewar jiki takan ɗauke magana da hannun sa hannu a lokaci guda, kuma banki ba zai bai wa uwargida ko babban ɗanka komai ba don kawai sun zo da kuka. Ka je da wanda ka amince da shi a yi masa takardar wakilci tun kana lafiya. Ka nuna masa inda ka ajiye katin inshora, lambar CNPS, takardun aure da na haihuwa, da jerin magungunan da kake sha da adadinsu. Kwafi ɗaya a gida, ɗaya a wurin ɗan'uwan da ke zaune kusa da asibitin da za a fara kai ka.